Me ake nufi da sufabaiza biyu a cikin suwic?

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin sabar wata jami'a ko babban asibiti a nan Gombe wataƙila ya ga wani akwatin ƙarfe mai hawa-hawa, wayoyi sun cika gabansa. Shi ne babban suwic, inda duk kwamfutocin ginin ke haɗuwa. Katuna ake zura masa kamar aljihun tebur. Yawancinsu na ramukan waya ne kawai, amma ɗaya daban yake, shi masu aikin ke kira sufabaiza. Shi ke riƙe da saitin na'urar, shi ke sanin hanyar da kowane saƙo zai bi. In ya mutu, sauran katunan sun zama ƙarfe.

Shi ya sa ake saka biyu. Ka ɗauki doguwar motar da ke tashi daga Gombe zuwa Legas da direba biyu: ɗaya na tuƙi, ɗaya na gefe. A tsohon tsari, na gefen kamar barci yake, sai an tashe shi ya wartsake, katunan su sake tashi, mutane su zauna jiran intanet. A tsarin da kamfanin Cisco ke kira SSO kuwa, idonsa biyu, ana sanar da shi duk abin da ake ciki, don haka yana karɓar sitiyari ba tare da katunan sun mutu ba. Amma da sharaɗi: sufabaizan biyu su zama iri ɗaya, manhajar da ke kansu ma ɗaya.

Inda na fi son a tsaya shi ne ƙofofin aflink. Waɗannan ramuka ne da ke fuskar sufabaizan kansa, galibi na wayar faiba, ta nan suwic ke haɗuwa da na'urar da ke gaba da shi a hanyar fita waje. Matasa da dama da ke koyon aikin nan suna zaton tunda sufabaiza na biyu jira yake, ƙofofinsa ma a rufe suke. Ba haka ba ne. A suwic ɗin Cisco samfurin Catalyst 6500 mai sufabaiza Sup720, ƙofofin na jiran suna ɗaukar saƙo kamar na mai tuƙin. A samfurin Catalyst 4500 mai sufabaiza Sup7-E kuwa akwai abin lura: kowane katin sufabaiza na da ƙofa 4, amma in an saka katin biyu, ƙofa 2 na farko ne ke aiki a kan kowanne. Wanda bai san wannan ba zai wuni yana zargin waya.

To, in kana da faiba biyu, kada ka cusa su duka a kati ɗaya. Raba su, ɗaya nan ɗaya can. Na taɓa tarar da wani ofis da suka kashe maƙudan kuɗi kan sufabaiza biyu, amma wayoyin duka a kan na farko. Ranar da katin ya ƙone, na biyun ya karɓi aiki daidai, sai dai babu hanyar fita waje. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Kuma sufabaiza biyu ba ya maganin ɗauke wuta, ba ya hana ƙurar hunturu toshe fanka, balle zafin watan Afrilu. Waɗannan aikin inbata ne, da na'urar sanyaya ɗaki, da mai share matatar iska a kan lokaci.