Ɗaura wa tsohuwar motar gudu kayan jiki na faiba a Kaduna: tambayoyi da amsoshi

Masu riƙe da tsofaffin motocin gudu irin su Toyota Celica, Honda Prelude, Nissan 300ZX da Mazda RX-7 sukan ga irin motarsu a intanet an sa mata bamba mai jan ƙasa, an faɗaɗa madigadi, an ɗora fiffike a baya, sai sha'awa ta kama su su yi odar kayan. Ranar da aka kai kayan gareji ake gane cewa sayen shi ne mai sauƙin. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu wannan aiki.

Ita faibar nan da me ake yin ta?

Zaren gilashi ne siriri da ake shimfiɗawa cikin mazubi, a jiƙa shi da wani ruwan gam da ake kira rezin, a bar shi ya daskare. Kafin a shimfiɗa zaren, ana fara shafa wa mazubin kakin da zai hana kayan mannewa, sannan a fesa jelkot, wato fatar nan mai santsi da kake gani a waje. Ba sabon abu ba ne a jikin mota. Chevrolet Corvette ta fito a Amurka a 1953 da jikin faiba, kamfanin Lotus na Ingila ma ya yi Elite da ita a 1957. Ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, kuma in ta fashe ana iya gyara ta. Aibinta shi ne ba ta jure duka. Inda ƙarfe zai lotsa, roba ta koma yadda take, ita tsagewa take yi.

Mai sayarwa ya ce da an ɗaura za ta zauna daram. Haka ne?

Kada ka gina lissafinka a kan wannan magana. Rezin yana ɗan tsukewa yayin da yake daskarewa, don haka abin da ya fito daga mazubi ba ya zama daidai da asalin da aka kwafa. Masu arha kuwa sau da yawa daga wani kwafin suka kwafo nasu, kowane kwafi da tasa karkatar. Ga zaman kwantena da zafin hanya daga Legas. Ita ma motar, bayan shekara talatin tana shiga ramuka, wataƙila an taɓa buge ta an miƙe, ba ta nan yadda ta baro masana'anta. Ka ɗauki kayan kamar yadin da tela ya yanka ya yi wa ɗinkin gwaji: sai an sa a jiki, an rage nan an ƙara can. Araha ba ta ado, amma ko mai tsadar ma sai an yi mata wannan aikin, sai dai nata ya fi sauƙi.

Ta ina ake farawa?

Daga ƙarfen motar. A cire tsofaffin bamba da duk abin da za a maye gurbinsa, a duba bakin madigadi, ƙasan ƙofofi, da wurin da batir yake zama. Duk tsatsar da aka gani a yanke ta, mai walda ya sa sabon ƙarfe, a shafa maganin tsatsa. Wannan ne wurin da na fi jin takaicin ganin an yi ha'inci, domin akwai masu sayen faiba don su rufe ruɓewa. Tsatsar da aka rufe ba ta tsayawa. Ruwan damina yana shiga tsakanin faiba da ƙarfe ya kwanta, sai ta ci da sauri fiye da lokacin da take a fili, ranar da za a ankara babu ƙarfen da zai riƙe noti.

A kuma tabbatar motar tana tsaye daidai. In shokozoba ɗaya ta mutu, ko shasi ya karkace, duk awon da aka yi a kanta ƙarya ne.

Yaya ake yin gwajin ɗaurawar?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yawan yin gaggawa. Da farko a wanke kowane yanki da ruwan ɗumi da sabulu, a goge da maganin cire maiƙo, tun kafin sanfefa ta taɓa shi. In aka fara gogewa kakin mazubi yana jiki, sanfefa za ta tura shi cikin jelkot, daga baya fenti ya riƙa yin ƙananan ramuka ya ƙi kwanciya.

Sannan a ɗora kowane yanki a mota ba tare da huda ko ɗaya ba, a riƙe da tef da matsewa. A fara da abin da ba za a canza ba, wato ƙofofi da fitilu, a daidaita sauran da su. Ratar da ke tsakanin ƙofa da madigadi ta zama ɗaya daga sama har ƙasa, kamar milimita 4 zuwa 5, a buɗe ƙofa a rufe a ga ba ta gogar komai. A sa tayoyin da za a yi amfani da su, a juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a sa mutane su zauna a ciki don motar ta sauka, a duba ko taya tana taɓa faiba.

Inda ya yi yawa a ja layi a rage kaɗan-kaɗan, a sake ɗorawa. Ragewa ba ta da wuya, mayar da abin da aka yanke ne aiki. Inda ya gaza kuwa, a kankare bayan wurin, a ƙara zaren gilashi da rezin ta ciki har ya kai. Fila ba ta gina baki ko kusurwa. Aikinta cike ƙananan lotsawa, kuma in kaurinta ya wuce milimita 3 tana jiran ranar tsagewa ne. In yanki ya karkace sosai, kada a danne shi da ƙarfi a ɗaure. Zai zauna yau, amma yana ja a kan notin, wata rana a nan zai fashe. Gara a tsaga shi ta baya, a kwantar da shi yadda ake so, a sake ɗinke tsagar da zare.

Sai komai ya zauna sannan a huda. A manna tef a wurin don kada jelkot ya ɓantare, a fara da ƙaramin bakin diril, ramin ya ɗan fi notin faɗi, kuma kada ya matso baki sosai. A sa wosha mai faɗi da ta roba, a ɗaure da hannu. Bamba mai nauyi tana bukatar ƙafafun ƙarfe da za su ɗauke ta daga shasi, wannan kuwa ƙaramin aiki ne ga maƙeran kasuwar Panteka in ka kai musu awo.

A ɗaure da noti ko a manne a shafe ya zama jiki ɗaya da motar?

A ganina a ɗaure. Shafaffen aiki ya fi kyau a ranar da aka fito da mota, amma ƙarfe da faiba ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna. A Kaduna, inda rana kan haura digiri 35 a watan Maris da Afrilu, sanyin asubar hunturu kuma ya sauko sosai, layin haɗin yakan bayyana a ƙarƙashin fenti, daga baya ya tsage. Rezin na gama-gari ma ba ya daɗewa a manne da ƙarfe. Wanda ya nace sai ya shafe, ya nemi gam na ifoksi ko wanda aka yi musamman don manna jikin mota. Mai noti kuwa, in Keke Napep ta goge masa gefe, yanki ɗaya zai kwance ya gyara.

Kowane fanal-bita zai iya?

A'a. Kaduna gari ne na jikin ƙarfe. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, kuma manyan masu gyaran jiki da yawa a kan 504 da 505 suka koyi sana'a, hannunsu ya saba da guduma da wutar gas. Dukansu biyu ɓarna suke yi wa faiba. Ka nemi wanda ya saba gyaran fasassun bamba da kayan faiba, ka ce masa: "Maigida, nuna mini aikin da ka yi bara." Aikin da ya ga damina da rani shi ne shaida. Ku yi ciniki a kan cewa za a ɗaura a cire sau da yawa kafin fenti, don kada rigima ta taso a tsakiya.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Rezin ba ya son laima, don haka tsakiyar damina, musamman Agusta, ba lokacin shimfiɗa zare ba ne sai a rufaffen wuri busasshe. Hunturu ya fi bushewa, amma ƙurarsa tana ɓata fenti. Da zafi kuma rezin yana kamawa da wuri, sai a riƙa dama kaɗan-kaɗan da sassafe. Hadinar da ake zuba masa, wato sinadarin da ke sa shi daskarewa, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ce. In ta yi yawa kwanon zai ɗau zafi har ya yi hayaƙi, aikin ya yi gautsi. In ta gaza ya ƙi bushewa.

Yaushe za a yi fenti?

A ƙarshe. Bayan an gama ɗaurawa, a bar kayan a jikin motar su sha rana mako ɗaya ko biyu. Zafin zai ƙarasa gasa rezin a siffar motar, ya kuma tono kumfar iskar da ke ɓoye ƙarƙashin jelkot. Duk kumfar da ta taso a fasa ta a cike. Kada dai a jingina yanki da bango a rana shi kaɗai, zai lanƙwashe ya daskare a haka. Daga nan a goge da sanfefa mai lamba 180, a fesa faraima, wato fentin shimfiɗa, mai kauri, a bi da 320 zuwa 400 a kan katako miƙaƙƙe, domin tafin hannu yana bin tudu da kwari ne maimakon ya share su. Baƙin fenti ya fi jan zafi, ya fi kuma tona duk wani aibi.

Akwai abin da kayan za su iya ɓata wa motar?

Akwai. Ƙarfen da ke bayan bamba shi ne ke karɓar duka a haɗari, faiba ba ta kare kowa, don haka in bai shiga cikin sabuwar bambar ba, bambar za a gyara, kada a jefar da shi. A duba bakin bambar yana kai iska ga lagireto, in ba haka ba inji zai riƙa zafi a cunkoson Ahmadu Bello Way. Kusa da salansa a sa farantin kare zafi. Bonet na faiba yana bukatar ƙarin makullai biyu a gaba don kada iska ta ɗaga shi a hanyar Zariya. Wutar lantarki ba ta bi ta jikin faiba, saboda haka duk fitilar da aka ɗaura a jikinta sai an ja mata wayar at, wato ta komawar wuta, zuwa ƙarfen motar. Sannan ka auna tudun rage gudu na unguwarku da gangaren ƙofar gidanka kafin ka zaɓi bamba mai jan ƙasa.

Lafiyar masu aikin fa?

Wannan ya dame ni ƙwarai, domin yaran gareji ne ake ba giranda su yi yanka ba komai a fuska. Ƙurar faiba tana shiga fata da ido da huhu. Warin rezin yana sa jiri. Ɗigon hadina a ido yana iya makantar da mutum. Takunkumi mai tace iska, tabarau, safar hannu da riga mai dogon hannu, mai mota ya saya musu in babu. A nisanta tinna, wato ruwan tsinka fenti, da rezin daga wurin walda.

Jami'an hanya za su tare ni?

Lamba ta fito fili gaba da baya, fitilu da sigina su yi aiki, kada wani yanki ya yi reto. In ka sauya launi, ka je a gyara takardun mota su dace da ita kafin ka haɗu da KASTLEA, wato hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, ko jami'an kiyaye haɗurra, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka.

Kayan sun bukaci a yanke madigadin asali. In yarda?

Ka dakata ka duba wace mota ce a hannunka. Irin su Datsun 240Z da ta fara fitowa a 1969, ko RX-7 ta farko ta 1978, darajarsu a wurin masu nema tana cikin jikinsu na asali, kuma madigadin baya haɗe yake da gangar jiki, ba a kwance shi da sifana. In motar ta riga ta ruɓe a wurin, yankan bai rage komai ba. In lafiyayya ce, ka nemi kayan da ke hawa ramukan notin asali. Idan an yanke, madigadin baya fata biyu ne, ta ciki da ta waje, dole a haɗe bakinsu da walda a toshe da gam, in ba haka ba ruwan taya zai riƙa shiga but. Tsofaffin bamba da fitilu da notinsu kuwa a ɗaure su a buhu, a rubuta sunan kowanne, a ajiye inda ruwa ba ya zuba.