Amfilifayar jita mai bawul da ake haɗawa a gida

Amfilifaya mai bawul na'ura ce da ke karɓar ɗan siginar da ke fitowa daga jitar lantarki ta ƙara masa ƙarfi har ya iya girgiza lasifika, kuma tana yin aikin ne da wasu ƙananan kwalaben gilashi da aka zuƙe musu iska, sune ake kira bawul. Fasahar tsohuwa ce sosai, John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro bawul na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa wata 'yar raga a tsakiya a 1906, daga nan ne bawul ya fara iya ƙara sauti. Da tiranzista ta fito a 1947 a hankali ta kori bawul daga rediyo da talabijin, amma masu kaɗa jita suka ƙi sakinsa har yau, kuma da yawansu da hannunsu suke haɗa tasu a gida.

Dalilin yana wajen murya. Idan ka matsa wa bawul fiye da ƙarfinsa ba ya yanke sautin farat ɗaya, a hankali yake danne shi sai kaji wani gurnani mai kauri ya shigo, kuma gurnanin yana bin hannun makaɗi, in ya taɓa tsirkiya a hankali sautin ya fito tas, in ya buga da ƙarfi ya kausasa. Injiniyoyin farko aibi suka ɗauki wannan, masu jita kuwa shi suke nema.

Champ 5F1

Mafi yawan masu fara wannan aiki da tsari ɗaya suke farawa, wato 5F1 na amfilifayar Champ da kamfanin Fender na Leo Fender ya riƙa ƙerawa a garin Fullerton na jihar Kalifoniya tun ƙarshen shekarun 1950. Ƙarama ce, ƙarfinta kamar wat 5, lasifikarta inci 8, maɓallin murɗawa ɗaya tak gareta na ƙara murya, kuma don 'yan koyo aka yi ta tun asali. Duka kayan cikinta zaka iya shimfiɗa su a kan faranti ɗaya, shi ya sa a ganina babu makarantar da ta fi ta, don kowace razista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, kana iya nunata da yatsa ka faɗi aikin da take yi.

Bawul uku ne a ciki. Na farko 12AX7, a Turai ECC83 suke ce masa, kwalba ɗaya ce amma matakan ƙara sauti biyu ne a cikinta. Siginar jita yana shiga ta razista 68k, wato mai om dubu 68 (om shine ma'aunin razista), zuwa ragar rabin farko, ya fito da girmansa ta wani ƙarfen cikin bawul ɗin da ake kira faranti, ya ratsa kafasita, wato abin da ke ajiye wuta na ɗan lokaci, mai maikrofarad 0.022 (ma'aunin kafasita kenan) wadda ke tare babbar wuta ta bar sauti kaɗai ya wuce, ya bi ta maɓallin murya sannan ya shiga rabi na biyu a sake ƙara shi. Daga nan sai 6V6, shine mai ƙarfin, shi kaɗai yake tura lasifika ba tare da abokin aiki ba kuma kullum wuta na ratsa shi ko ana kiɗa ko ba a yi, dalilin zafinsa kenan. Razista mai om 470 da ke ƙasansa ita ke daidaita yawan wutar da yake sha. Na uku 5Y3 ne, ba ruwansa da sauti, aikinsa mayar da wutar gida mai kai-da-komo ta zama miƙaƙƙiya, sai manyan kafasita guda uku, ɗaya mai maikrofarad 16 biyu masu 8, su tace ta.

Taransifoma biyu ne kuma sune suka fi komai nauyi da tsada. Ta wuta tana ba da bolt 6.3 na ɗumama bawul, da bolt 5 na 5Y3, da babbar wuta sama da bolt 300. Ta sauti kuma tana tsakanin 6V6 da lasifika, saboda bawul yana son nauyin dubban om ita kuwa lasifikar Champ om 4 ce kawai, dole a samu mai sasanta su. Akwai kuma razista 22k da ke ɗibar ɗan sauti daga lasifika ta mayar da shi baya don ya lafa, wasu masu haɗawa cire ta suke yi ko su sa mata makunni idan suna son gurnanin ya zo da wuri.

Yadda ake jan waya

A nan ne aikin yake. Zane ɗaya, kaya ɗaya, amma mutum biyu su haɗa ta ɗaya ta yi shiru ɗayar ta riƙa ƙugi kamar ƙudan zuma sun shiga akwatin, kuma bambancin ba komai bane sai inda aka bi da wayoyi. Ba a amfani da allon da aka buga wa layukan tagulla irin na rediyon zamani, allo ne mai ƙananan zobban ƙarfe, a soka ƙafafun kaya a ciki a narka dalma, sannan a ja waya ɗaya-ɗaya zuwa soket ɗin bawul.

Wayoyin ɗumama bawul sune babbar hanyar ƙugi tunda wutar cikinsu mai kai-da-komo ce, don haka ake murɗa su biyu tare sosai a kwantar da su a gefen jikin ƙarfen da ake ɗora kayan amfilifayar a kai, nesa da komai. Fender na da ya kan haɗa ɓangare ɗaya da jikin ƙarfen ne kawai don sauƙi, masu haɗawa na yanzu sun fi son waya biyu a murɗe da razista biyu masu om 100 zuwa ƙasa, wato zuwa jikin ƙarfen. Wayar da ke zuwa ragar 12AX7 kuwa a gajarta ta iya gajartawa, don duk abin da ta tsinto a hanya sai an ƙara shi tare da sautin jitar. In dole waya ta haye wata to ta gicciye ta, kar su jera. Haka ma wajen haɗa ƙasa, ba a tara na kafasitar farko mai ɗauke da dattin wuta wuri guda da na ramin da jita ke shiga. Sannan in an kunna an ji wani irin ƙara mai tsini da ba ya tsayawa, sau da yawa wayoyin taransifomar sauti ne aka juya, musanya su ake yi.

Haɗari

Wannan ba wasa bane wallahi, wutar cikin amfilifaya mai bawul tana kisa, kuma kafasitar tacewa tana iya riƙe ta bayan an kashe an zare fulogi. Kafin a sa hannu sai an sauke ta ta cikin razista a auna da mita a tabbatar ta sauka, ba a gwada ta da sukudireba. In ana aune-aune tana kunne hannu ɗaya ake sawa, ɗayan a baya ko a aljihu, don kar wuta ta bi ta ƙirji. Fulogi mai ƙafa uku dole ne, wayar ƙasa a ɗaure ta da kusarta ita kaɗai a jikin ƙarfen, da fis a hanyar shigar wuta. Tsofaffin na Amurka masu ƙafa biyu suna da wata kafasita tsakanin wutar gida da jikin ƙarfen wadda in ta lalace wuta na iya kaiwa har tsirkiyar jita, duk mai gyara na kirki cire ta yake yi.

Kunnawar farko ana yinta ne ta cikin kwan fitila irin na da mai zare, in akwai gajeriyar hanya a ciki kwan zai haska sosai ya shanye wutar maimakon taransifoma ta ƙone, kwan LED ba ya wannan aikin. Kuma ba a taɓa kunna ta ba tare da an haɗa lasifika ba, taransifomar sauti ce ke lalacewa.

Kaya

Masana'antun bawul kaɗan suka rage a duniya, akwai JJ Electronic a Slovakiya, akwai ta garin Saratov a Rasha mai yin Sovtek da Electro-Harmonix, sai na Sin, shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 farashi ya tashi. Wanda zai yi odar kaya daga Najeriya ko Nijar ya lura da taransifomar wuta, yawancin na Amurka na bolt 120 ne, namu kuwa 220 zuwa 230 ne, sai a nemi mai ɗaukar irin wutarmu, kuma a bi ta sitabilaiza in wutar unguwa mai hawa da sauka ce ko ta janareta, don bawul ba ya daɗewa idan wutar ɗumama shi ta yi yawa. Wanda ya gama Champ lafiya yawanci Deluxe 5E3 yake nufa, mai 6V6 biyu da ke aiki bi da bi da lasifika inci 12.