Ma'anar ma'aunin ci gaban ɗan Adam na yankuna

Ma'aunin ci gaban ɗan Adam, wanda ake taƙaita sunansa da HDI, lamba ce tsakanin 0 da 1 da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitarwa a shekarar 1990, bisa tunanin masanin tattalin arziki ɗan Pakistan Mahbub ul Haq da takwaransa ɗan Indiya Amartya Sen. Abu uku ake haɗawa a samu lambar: tsawon rayuwar da ake sa ran jariri zai yi, da ilimi, da kuɗin shigar kowane mutum. Ilimin kuwa ta fuska biyu ake dubansa, wato shekarun karatun da masu shekara 25 zuwa sama suka yi, da waɗanda ake sa ran yaron da ke shiga makaranta yau zai yi. Ƙasar da ta samu 0.800 ko fiye tana rukunin ƙoli, wadda ta gaza 0.550 kuma tana rukunin ƙasa.

Matsalar ita ce lamba ɗaya ake ba ƙasa gaba ɗayanta, alhali matsakaicin lissafi yakan rufe duk wani bambanci da ke ciki. Jihar Kerala da jihar Bihar duka a Indiya suke, amma ratar da ke tsakaninsu wajen karatu da tsawon rai ta kai wadda ake gani tsakanin ƙasashe biyu masu zaman kansu. Haka lamarin yake tsakanin Beijin da Tibet a Sin, ko arewacin Italiya da kudancinta. Wannan ne ya sa ake lissafa ma'aunin ga jihohi da larduna ɗaya bayan ɗaya, abin da ake kira ma'aunin yankuna, ko SHDI. Cibiyar Global Data Lab ta Jami'ar Radboud a ƙasar Holan, inda Jeroen Smits ya yi aikin tare da Iñaki Permanyer, ta tattara lambobin yankuna sama da 1,600 a ƙasashe fiye da 160. Burazil ma ta gangara da nata lissafin har matakin ƙananan hukumomi.

Inda aikin yake da wuya shi ne samun bayanai. A ƙasashe masu arziki ofisoshin ƙididdiga suna da alƙaluman kowane lardi a ajiye. A ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba a rubuta haihuwa da mutuwa yadda ya kamata, kuma ba a san kuɗin shigar lardi dalla-dalla ba, saboda haka sai an bi ta wata hanya. Ana ƙiyasta tsawon rai daga yawan yaran da ke mutuwa kafin su cika shekara 5. Kuɗin shiga kuma ana ƙiyasta shi daga abin da ma'aikacin bincike ya rubuta lokacin da ya shiga gida: ko akwai firji, talabijin ko waya, ko daɓen ɗakin siminti ne ko ƙasa, irin makewayin da ake amfani da shi, daga ina ake samun ruwan sha, da ko akwai lantarki. Bayan haka sai a daidaita sakamakon, ta yadda in an haɗa na yankuna duka gwargwadon yawan jama'arsu, zai yi daidai da lambar da aka ba ƙasar.

Saboda haka mai karatu ya kamata ya ɗauki waɗannan lambobi a matsayin ƙiyasi. Idan lardi ɗaya ya samu 0.612, maƙwabcinsa ya samu 0.605, ba hujja ba ce ta cewa wancan ya fi wannan, domin irin wannan 'yar tazara tana iya fitowa daga yawan gidajen da binciken ya shiga. Babbar rata da ta daɗe tana bayyana shekara da shekaru ita ce abin dogaro. Akwai kuma batun iyaka, wanda a ganina ba a cika ba shi muhimmanci ba: lardin da ya ƙunshi babban birni da ƙauyuka masu nisa zai fito da lamba matsakaiciya, wadda ba ta nuna halin birnin ba, ba ta kuma nuna na ƙauyukan ba, sai dai in an sake raba lardin an auna kowane sashe daban.