Ƙarancin aidin da zubewar gashi: tambayoyi da amsoshi

Da gaske ne rashin aidin na sa gashi ya zube?

Yana iya sawa, amma ta bayan fage. Aidin sinadari ne da jiki ke samu daga abinci. Gashi ba ya cin aidin kai tsaye. Mai buƙatarsa wata ƙwaya ce da ke gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, wadda likitoci ke kira tayirod. Da aidin take haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, masu daidaita saurin aikin jiki, har da na saiwar gashi. Kowane silin gashi yana shekara 2 zuwa 6 yana tsiro, ya huta kamar wata 3, sannan ya faɗi wani ya maye gurbinsa. Shi ya sa zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Idan sinadaran tayirod suka yi ƙasa, silin da yawa sukan shiga hutu a lokaci guda, sababbin kuma su yi nawar fitowa. Sai ƙarancin aidin ya yi nisa har ya raunana tayirod kafin kai ya shaida.

Yaya irin wannan zubewar take kama?

Ba ta yin fili a waje guda. Gashin dukan kai ne ke yin shara-shara, ya bushe, ya riƙa karyewa. Mace za ta ga matajinta ya cika duk lokacin tsifa, mai kitso ta ce mata layukan sun yi faɗi. Wasu kuma ƙarshen girarsu, wajen da ya nufi kunne, shi ke sirancewa. Da wuya ta zo ita kaɗai: akwai kasala, jin sanyi alhali kowa na fifita, bushewar fata, taurin bayan gida, ƙiba ba tare da an ƙara ci ba, da yawan jinin al'ada. Idan wuya ya fara kumbura, wato maƙoƙo, tayirod ce ke girma tana faman tattara ɗan aidin da ke cikin jini.

Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan fa?

To a nemi dalili a wani wajen, kuma galibi can yake. Ƙarancin jini, jego (wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa), da zazzaɓi mai tsanani irin taifod duk suna zubar da gashi, wani lokaci sai bayan an warke. Gaban goshi da ya cinye yawanci aikin kitso mai tsauri ne ko man shamfo. Zagayayyen fili mai amosani a kan yaro makero ne. Sanƙon maza kuwa gado ne, ko buhun gishiri aka cinye ba zai dawo da shi ba.

Nawa jiki ke buƙata, kuma a ina ake samu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar maikirogiram 150 a rana (maikirogiram 1,000 ne ke yin miligiram ɗaya), mai ciki da mai shayarwa 250, yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 kuma 120. Kifin teku, ƙwai da madara suna da shi. Kifin kogi da na tafki ba su kai na teku ba. Ga mutanen da ke nesa da teku, gishiri ne babbar hanya, shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci. Lissafin mai sauƙi ne: gishirin da ke da miligiram 30 na aidin a kowane kilo, giram 5 ɗinsa, wato kamar ƙaramin cokalin shayi, zai ba da 150 ɗin nan. Giram 5 kuwa ita ce iyakar gishirin da aka so babba ya ci a yini saboda hawan jini, don haka babu batun ƙara gishiri a miya. Nau'in gishirin za a duba.

A nan ake samun cikas. Gishirin gargajiya irin kantun Bilma da manda ba a zuba musu aidin, kanwa ma haka. Na kamfani kuma, idan aka zazzage shi a faranti a kasuwa, rana na dukansa, raɓa na sauka, aidin ɗin na raguwa. A sayi na leda wanda aka rubuta yana da aidin, a juye shi a kwalba mai murfi, a ajiye nesa da murhu da danshi.

An ce rogo da gero na kawo maƙoƙo?

Rogo mai ɗaci da ba a jiƙa shi ko tsuma shi sosai ba yana barin wani sinadari a jiki da ke tare wa aidin hanyar shiga tayirod. Gero ma na da sinadaran da ke rage mata ƙarfi, an kuma lura da haka a yankin Darfur na Sudan. Amma illar tana bayyana ne inda aidin ya riga ya yi ƙaranci. Mai cin gishiri mai aidin ba sai ya bar fura ba.

Wane gwaji ya kamata a yi?

Gwajin jini na TSH, wato sinadarin da ke umartar tayirod ta yi aiki, tare da T4. Idan TSH ya hau, T4 ya sauka, tayirod ta yi rauni. Yana da kyau a haɗa da awon jini da na sinadarin ƙarfe. Gwajin aidin na fitsari don auna al'umma aka yi shi, na mutum ɗaya yana hawa da sauka gwargwadon abin da ya ci jiya. Mai shan ƙwayar bayotin ta gyaran gashi ya dakatar da ita kwana 2 zuwa 3 kafin a ɗebi jini, domin tana ɓata sakamakon.

Me zai hana mutum ya sayi aidin ya sha kawai?

Saboda yawansa ma na rikita tayirod: a wasu ya danne ta, a wasu, musamman masu tsohon maƙoƙo, ya ingiza ta ta yi aiki fiye da kima, da bugun zuciya da rama. Duka biyun suna zubar da gashi. Ɗigo ɗaya na ruwan aidin da ake kira Lugol, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, yana ɗauke da kusan miligiram 6, ninki 40 na buƙatar rana. Ga kuma cutar Hashimoto, inda garkuwar jiki ke cin tayirod. Ita ce ta fi jawo raunin a wuraren da aidin ya wadata, ƙarin aidin kuma na iya tsananta ta. Aidin na wanke ciwo kuwa ba a sha, shafa shi a fatar kai ma ba ya tsirar da komai sai ƙuna.

Idan an gano rauni ne, gashin zai dawo?

Yawanci yana dawowa, sai dai da haƙuri. Likita kan ba da lebotayirosin, maganin da ke maye gurbin T4, a sha da safe kafin a ci komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a kuma raba shi da maganin ƙarin jini ko na kalsiyam da awa 4, don suna hana shi shiga jiki. Ana sake gwajin TSH bayan mako 6 zuwa 8 a daidaita adadin. A watannin farko zubewar na iya ɗan ƙaruwa, mutane da yawa a nan suke ajiye maganin bisa kuskure. Gashi na tsiro kamar santimita 1 ne a wata, saboda haka sai an yi wata 6 ko fiye kafin mai kitso ta ga bambanci.