Da ruwa talibambam yake kumbura, ba da iska ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa talibambam iska yake zuƙa ya kumbura idan ya tsorata. Dalilin wannan zato a fili yake: sai an fito da shi daga ruwa suke ganinsa, a nan kuwa iska kaɗai ya samu ya haɗiya.

A gidansa lamarin daban ne. Ɗauki irin nan baƙi mai ɗigo-ɗigon fari kamar zabo, wanda ke zaune cikin murjani (wata halitta mai kama da dutse da ke ƙarƙashin ruwa) a tekun Indiya da Fasifik yana gatsar kan murjanin da haƙoransa huɗu. Idan babban kifi ya taso masa, ruwa yake kwankwaɗa da sauri zuwa cikinsa. Tumbinsa na miƙewa sosai, ba shi kuma da haƙarƙarin da zai tare shi, sai ya zama dunƙulen da ya fi ƙarfin bakin maƙiyi. Numfashinsa ma ba ya tsayawa a lokacin.

Abin da ke damuna shi ne masu ɗago shi sama don su ɗauki hoto. Iskar da ya haɗiya tana da wuyar fitarwa, sai ya yi ta yawo a saman ruwa ya kasa nutsewa, wani lokaci har ya mutu. Danginsa na kogunanmu da tafkin Chadi ma haka suke wahala a hannun yara.