Kyafa Naman Daji Ba Lallai Ya Kashe Tsutsar Cikinsa Ba

An daɗe ana cewa hayaƙi na kashe duk tsutsar da ke cikin naman daji. Ba mamaki, tunda kyafaffen nama yakan daɗe bai lalace ba. Sai dai hayaƙi bayan naman yake busarwa, zafi ba lallai ya ratsa cikinsa ba.

A dazukan Kwango, mafarauta masu cin mesa kan kamu da tsutsar Armillifer, wadda ke zama a huhun maciji. Ƙwanta ne ke shiga mutum, ta naman da bai dahu ba ko hannun da ya feɗe macijin, wani lokaci tsutsar har ido take kaiwa.

A tsaga naman a duba: in cikinsa ja ne da danshi, a dafa shi sosai. Bayan fiɗa, a wanke hannu da wuƙa da sabulu.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.