Saurin Cin Abinci, Ƙoshi da Ƙiba: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

Tambayoyin nan an yi mini su har na gaji da nanata amsa. Ga su nan wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Da gaske ne saurin ci yana jawo ƙiba?

Yana da hannu a ciki. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya bi mutum kusan 60,000 masu ciwon suga a Japan, ya gano cewa masu ci a hankali sun fi masu ci da gaggawa tsira daga ƙiba da kashi 42 cikin 100. Lura da mutane aka yi kawai, don haka bai nuna cewa sauri shi kaɗai ne sanadi ba. Amma alaƙar tana nan.

Me ya haɗa sauri da ƙoshi?

Ƙoshi saƙo ne, kuma yana ɗaukar lokaci. Sai tumbi ya buɗe, jijiya ta kai labari ƙwaƙwalwa, hanji ya saki sinadaran da ke sa a ji ƙoshi, irin su CCK da GLP-1, sinadarin yunwa kuma ya sauka. Wannan kan ci kusan minti 20. Wanda ya share kwano cikin minti biyar ya riga saƙon isowa, sai ya ƙara.

Sau nawa zan tauna loma?

Babu wani adadi. Ku daina ƙirge, ku tauna har ta yi laushi.

Shan ruwa a kan abinci yana ɓata narkewa?

A'a. Ku sha ruwanku.

To in na rage sauri, zan iya cin duk abin da na ga dama?

Nan ne kuke ba ni haushi. Sau da yawa abincin ne ke ƙayyade saurin, ba halin mutum ba. A 2019 Kevin Hall da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta Amurka sun ajiye mutum 20, suka ba su abincin masana'anta, wato wanda aka sarrafa sosai, na mako biyu, da abincin da ba a sarrafa ba na mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun ci ƙarin kalori kusan 500 a kullum, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya, kuma sun fi ci da sauri. Abu mai laushi ba ya neman tauna, zamewa yake yi. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace sun fi muni, don sukan wuce ba tare da ciki ya san an ci komai ba. Ku ci ɗan itacen da kansa.

Hutuna a wurin aiki minti 15 ne kacal. Yaya zan yi?

Wannan ce tambaya mai wuya, kuma ba zan ba ku amsa ɗaya da za ta dace da kowa ba. Da farko a kwantar da hankali, ba laifinka ba ne, kuma cin gaggawa sau ɗaya a rana ba zai rushe lafiyarka ba. In ba ka da iko da lokaci, kana da iko da abin da ke cikin kwanon. Ka zuba adadin da ka san ya ishe ka tun kafin ka fara, kada ka bar yunwa ta yanke hukunci. Ka fara da abin da ke riƙe ciki: wake, ƙwai, kifi, ganye, hatsin da ba a cire masa dusa ba. Furotin da zaren da ke cikin tsirrai, wanda ake kira faiba, su ne ke jinkirta dawowar yunwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla giram 25 na faiba a rana. In ka gama ba ka ji ƙoshi ba, ka dakata, sau da yawa zai same ka bayan ka koma bakin aiki. Wasu raba abincin biyu ya fi yi musu, rabi yanzu rabi an jima. Wasu kuma hakan yakan buɗe musu ƙofar ciye-ciye har yamma, sai ka gwada ka ga naka jikin. Mai aikin ƙarfi kada ya rage ci da sunan wannan shawara. Mai ciwon suga da ke allurar insulin kuwa, kada ya sauya lokaci ko yawan abinci sai ya yi magana da likitansa. Kuma kada ka ƙara faiba da yawa dare ɗaya, ciki zai kumbura. A hankali, tare da ruwa.

Me ke kawo mini gyatsa da kumburin ciki?

Sau da yawa iska ce kake haɗiya da gaggawa. Ka kuma ajiye waya, don mai ci yana kallon allo ba ya lura da yawan abin da ya ci. In ƙwannafi ne, kada ka kwanta sai bayan awa biyu zuwa uku da cin abinci.

Ni loma kaɗan nake ci na ƙoshi, har ina ramewa. Alheri ne, ko?

Ba alheri ba ne. Saurin ƙoshi da ramewa ba dalili, wahalar haɗiya, amai mai yawan dawowa ko baƙin bayan gida, duk ba maganar tauna ba ce. Ka je asibiti a wannan makon.